Tsakanin Gyara da Haɗi: Nazarin Ɗaukar Hoton Kayan Yau da Kullum a Ƙasar Dutsi

Tsakure

Wayar hannu ta mayar da ɗaukar hoto aikin kowa, manhajojin da ke cikinta kuma sun sa ana iya sauya kamannin hoto cikin ƙiftawar ido. Wannan maƙala ta dubi wani salon koyon hoto da ya yaɗu a duniya, wato a ba mai koyo jigo guda daga rayuwar yau da kullum, a nemi ya fito da shi cikin hoto a ƙayyadadden lokaci. An ɗauki ƙasar Dutsi da ke shiyyar Daura ta Jihar Katsina a matsayin farfajiya, domin a auna amfanin wannan salo ga mai nazarin al'adun Hausawa. An waiwayi kalmomin da Hausa ta tanadar wa hoto, an kawo misalan gasannin da aka gina kan wannan salo, sannan aka rarrabe matakai huɗu na taɓa hoto bayan ɗauka: gyara da kwalliya da haɗi da ƙirƙira. Maƙalar ta tsaya kan cewa babbar ɓarnar da ke barazana ga hoton al'ada ita ce goge alamun zamani daga cikinsa da sunan fito da gargajiya.

Fitilun Kalmomi: hoto, gyaran hoto, kayan al'ada, Dutsi, Daura

1.0 Gabatarwa

Hausawa kan ce gani ya kori ji. Wannan magana ta ɗora ido a kan kunne wajen kafa hujja, kuma a kanta ne darajar hoto ta ginu tun shigowarsa ƙasar Hausa. Mutumin da aka ba labari yana iya musu, wanda aka nuna wa hoto kuwa yakan yi shiru. Sai dai hoton da ake nunawa a yau ya bi ta hannuwa da dama kafin ya iso ga mai kallo. Wayar da ta ɗauke shi ta riga ta taɓa shi tun kafin mai ita ya gani, mai wayar ya ƙara nasa, wanda aka tura wa ma yana iya ƙarawa.

Wannan lamari ya shafi nazarin Hausa kai tsaye. Kundayen digiri da ake rubutawa kan sana'o'in gargajiya da gine-gine da tufafi da abinci yawanci suna ɗauke da rataye na hotuna, kuma da wayar ɗalibi ake ɗaukarsu. Ana koya wa ɗalibi yadda zai yi hira da yadda zai rubuta madogara, amma ba kasafai ake zaunar da shi a nuna masa yadda zai ɗauki hoton tulu ko rumbu ta yadda wani manazarci zai dogara da shi bayan shekara 50 ba. Shi ya sa ake samun ratayen da hotunansa suka yi duhu, ko aka yi masu kwalliyar da ta ɓatar da launin abin da aka ɗauka, ko aka bar su babu suna babu kwanan wata.

1.1 Farfajiyar Nazari

Dutsi ƙaramar hukuma ce a arewacin Jihar Katsina, cikin shiyyar da ake kira shiyyar Daura. Ana yawan rikita sunanta da Dutsin-Ma ta wannan jiha da kuma Dutse ta Jihar Jigawa, alhali kowace da wurinta. Ƙasa ce ta noman gero da dawa da wake da gyaɗa, da kiwon shanu da awaki da tumaki, inda Hausawa da Fulani ke zaune tare.

Dalilin zaɓen ta shi ne kusancinta da Daura. Birnin Daura yana da abubuwan da kyamara ke bi da kanta: rijiyar Kusugu da ke da alaƙa da labarin Bayajida, da fadar sarki, da hawan salla, da bikin Gani. An ɗauki hotunan waɗannan sau ba adadi. Rijiyar da mutanen wani ƙauye na ƙasar Dutsi ke ɗiban ruwa a cikinta kowace safiya kuwa ba ta da mai ɗauka, domin kowa ya saba da ita. Ga mai nazarin al'ada, wannan rijiya ta biyu tana ɗauke da bayanin da ba a rubuta ko'ina ba: irin gugan da ake amfani da shi, da mazubin da ake zuwa da shi, da waɗanda ke zuwa ɗiban, da lokacin da suke zuwa.

2.0 Kalmar Hoto da Danginta

Kalmar hoto aro ce daga Ingilishi, amma fi'ilan da suka kewaye ta na gida ne, kuma suna nuna yadda Bahaushe ya fahimci aikin. Ana ɗaukar hoto kamar yadda ake ɗaukar kaya, wato akwai wani abu a wurin da aka ɗauko aka tafi da shi. Ana wanke hoto, saboda a zamanin fim sai an tsoma shi cikin ruwan magani a ɗaki mai duhu kafin siffa ta bayyana. Ruwan maganin ya kau, amma har gobe wanda ya kai waya shago domin a buga masa hoto a kati yakan ce ya je wankin hoto ne. Kalmar majigi ita ma aro ce, daga sunan wata fitilar haska hotuna a bango, kuma Brian Larkin ya yi bayaninta mai tsawo a littafinsa Signal and Noise na 2008, inda ya bi tarihin silima a Kano.

Inda aka sami cunkoso shi ne wajen sunan abin da ake yi wa hoto bayan ɗauka. Masana'antar finafinan Hausa ta daɗe tana amfani da tace hoto ga aikin yanka da jera sassan fim. Ita kuma hukumar da Jihar Kano ta kafa a 2001 domin duba finafinai ana kiran ta Hukumar Tace Finafinai. Kalma ɗaya ke nan tana ɗauke da aikin mai fasaha da aikin mai hukunci. A bakin matasa kuma ana jin gyara hoto da haɗa hoto, wani lokaci a ma'ana ɗaya, wani lokaci haɗa hoto na nufin ƙarya tsagwaronta. Littafin keɓaɓɓun kalmomi da Ɗalhatu Muhammad ya tace a 1990 ya yi wa harshe da adabi hidima, sai dai ya riga wannan fasaha shigowa hannun jama'a, domin a shekarar ne ma manhajar Photoshop ta fara fita kasuwa, kuma sai a 2001 wayar salula ta fara aiki sosai a Nijeriya.

Akwai kuma mahangar addini, wadda ba za a tsallake ta a ƙasar Hausa ba. Malamai sun yi saɓani kan ko hoton kyamara ya shiga cikin hanin da ya zo game da surantawa. Daga cikin waɗanda suka halatta akwai Shehu Muhammad Bakhit al-Muɗi'i, wanda ya riƙe muƙamin Muftin Masar, ya rasu a 1935. Hujjar wannan ɓangare ita ce kyamara tsare inuwa kawai take yi, kamar madubi, ba ta ƙaga siffa. Abin lura ga wannan nazari shi ne hujjar ta dogara ne kan cewa mai hoto bai sa hannunsa cikin siffar ba. Da zarar ya shiga ƙara ido ko rage hanci, tambayar ta koma sabuwa, kuma amsarta tana wurin malaman fiƙihu.

3.0 Gasar Hoto Mai Jigo

Salon ba da jigo guda ya samo ƙarfinsa daga ƙuntatawa. Wanda aka ce ya ɗauki duk abin da ya ga dama yakan nufi abin da kowa ke ɗauka. Wanda aka ce ya kawo hoto goma na igiya kaɗai cikin mako guda dole ya fara kallon igiyar guga da ta ɗaurin akuya da ta shanya da ta ɗaurin dami, ya kuma lura cewa wata ta kaba ce, wata ta rama, wata kuma an tufka ta ne da zaren tsohon buhu.

Gasar Wiki Loves Africa, wadda Florence Devouard da Isla Haddow-Flood suka fara a 2014, a kan wannan tsari take. Kowace shekara da jigonta: abinci a 2014, tufafi da ado a 2015, kiɗa da rawa a 2016, mutane a bakin aiki a 2017, wasa a 2019, sufuri a 2020, lafiya a 2021, gida da muhalli a 2022, yanayi a 2023. Hotunan da aka shigar suna zama a rumbun Wikimedia Commons, inda ake ɗibar su ana sakawa a maƙalolin Wikipedia, har da ta Hausa. Wanda ya dubi jerin nan da idon manazarcin al'ada zai ga kamar babi-babi ne na darasin al'adun Hausawa da ake koyarwa a jami'a.

Kafin wannan gasa, a 2012, mai hoto Peter DiCampo da marubuci Austin Merrill sun fara aikin Everyday Africa da hotunan waya da suka ɗauka a Kwaddibuwa, domin su nuna rayuwar da jaridun waje ba su damu da ita ba. A arewacin Nijeriya, Fati Abubakar ta buɗe shafin Bits of Borno a Instagram a 2015, tana ɗaukar 'yan kasuwa da 'yan makaranta da masu biki a Maiduguri, a daidai lokacin da duniya ba ta ganin komai daga can sai hoton ɓarna.

Misalin da ya fi dacewa da ɗalibin Hausa shi ne na J.D. 'Okhai Ojeikere, wanda ya rasu a 2014. Tun daga 1968 ya tsare jigo ɗaya, wato kitson matan Nijeriya, ya tara hotuna kusan 1,000. Yawancinsu daga baya ko daga gefe ya ɗauke su, da bango marar ado, ta yadda kitson kaɗai ke magana. Aikin ya isa baje kolin fasaha na Benis a 2013, amma darajarsa ga manazarci ita ce ya adana salon kitso da dama da aka daina yi. Dabarar ɗauka daga baya kuma tana da amfani na musamman a ƙasar Hausa, kamar yadda za a gani a sashe na 6.0.

4.0 Haske da Lokaci

Ƙasar Dutsi tana tsakanin digiri 12 da 13 arewa da layin da ya raba duniya biyu. Rana takan hau sama sosai da tsakar rana duk shekara, kuma sau biyu, wajen ƙarshen Afrilu da tsakiyar Agusta, takan tsaya daidai ƙoƙon kai har inuwa ta koma ƙarƙashin ƙafa. Hoton da aka ɗauka a irin wannan lokaci yakan fito da ramin ido baƙi ƙirin, hula ta rufe fuska da inuwa, zanen jikin bango ko na ƙwarya kuma ya shafe, domin zane yana fitowa ne idan haske ya zo masa ta gefe.

Ba sai an aro wa ɗalibi kalmomin waje ba wajen koya masa wannan, domin Hausa ta riga ta yanka yini gunduwa-gunduwa: asuba, hantsi, walaha, rana tsaka, azahar, la'asar, la'asar sakaliya, almuru. Aikin gwaji na farko da ya dace shi ne a ba ɗalibi abu ɗaya da ba ya motsi, misali rumbun ƙasa mai hular ciyawa, ya ɗauke shi daga wuri ɗaya a kowane ɗaya daga waɗannan lokuta. Idan ya jera hotunan zai ga da idonsa cewa da hantsi da la'asar sakaliya ne sawun hannun magini ke fitowa a jikin yaɓe, da rana tsaka kuwa rumbun ya zama dunƙule marar fasali. Wannan darasi ɗaya ya fi dogon bayani a allo.

Matsala ta biyu ita ce ta farar riga da baƙar fuska. Kyamara tana auna hasken da ke gabanta ne ta nemi matsakaici. Idan dattijo ya sha farar babbar riga da rawani ya tsaya a rana, farin ya rinjayi awon, sai kyamarar ta rage haske, fuskar ta nutse. Maganinsa shi ne a kai shi inuwar bishiya ko bakin zaure inda haske ke shigowa ta gefe, a kuma taɓa fuskarsa a gilashin waya domin awon ya koma kanta.

Hunturu yana da nasa hali. Hazo yana tausasa haske, yana kashe kaifin inuwa, yana kuma dusashe launi, har sararin sama ya zama fari-fari. Manhajojin gyara suna da maɓallin da ke kawar da hazo ya mayar da sama shuɗiya. Ga mai neman hoton ado wannan ba laifi ba ne. Ga mai adana tarihi kuwa, hazon shi ne shaidar cewa a lokacin hunturu aka ɗauki hoton, kuma shi ne ke bayyana dalilin da ya sa mutanen ciki suka rufe kunnuwa suka kewaye wuta.

4.1 Tsarin Abin da Za a Ɗauka

Littattafan koyon hoto suna yawan kawo ƙa'idar raba fili uku, wato a kauce wa ajiye abu a tsakiya, a ɗora shi kan ɗaya daga layukan da suka raba hoton kashi uku. Wani Bature mai suna John Thomas Smith ne ya fara rubuta sunan wannan ƙa'ida a 1797, yana magana kan zanen karkara. Tana da amfani ga hoton gona ko na amalanken shanu a kan hanya. Amma faifai da ƙwarya da tambarin dagi an gina adonsu ne daga cibiya zuwa baki, kuma masaƙin faifai daga tsakiya yake farawa. Wanda ya tura faifai gefe domin cika ƙa'idar Smith ya saɓa wa tsarin mai saƙar. Abin da ya fi dacewa a nan shi ne a ɗauke shi daga sama, a tsakiya, a kuma ajiye wani abu sananne kusa da shi, kamar ashana ko tafin hannu, domin a gane girmansa.

5.0 Matakan Taɓa Hoto

Sauya gaskiyar hoto ya girmi kwamfuta. Seydou Keïta, wanda ya buɗe ɗakin hotonsa a Bamako a 1948, yakan tanadi rediyo da agogo da babur da alƙalami domin masu zuwa su riƙa ko su jingina, su fito a matsayin da suke buri. Labulen da ake zana wa gidajen sama da furanni a shagunan hoto na garuruwan Hausa shi ma wannan aiki yake yi. Kowa ya san wasa ne, shi ya sa babu wanda aka yaudara. Yaudara tana farawa ne inda mai kallo ya ɗauka abin da ya gani haka yake.

Domin sauƙaƙa magana, wannan maƙala ta ba da shawarar kalmomi huɗu. Gyara shi ne mayar da hoto kusa da abin da ido ya gani a wurin: daidaita haske, miƙe hoton da ya karkace, rage gefen da ba ya ɗauke da bayani. Kwalliya ita ce ƙara wa abin da ke akwai armashi fiye da yadda yake, kamar tsananta launi ko sulɓe fata. Haɗi shi ne cire wani abu daga hoto, ko shigo da wani, ko matsar da shi. Ƙirƙira kuwa ita ce samar da siffar da kyamara ba ta taɓa gani ba, kamar yadda manhajojin ƙirƙirarriyar basira ke yi daga rubutaccen umarni.

Aikin jarida ya daɗe da shata iyaka tsakanin matakin farko da na uku. Mujallar National Geographic ta sha suka saboda matso da dalar Giza kusa da juna a bangon fitowarta ta Fabrairun 1982, don kawai hoton ya dace da tsawon bango. A gasar World Press Photo ta 2015, an fitar da kusan kashi 20 cikin 100 na hotunan da suka kai zagayen kusa da na ƙarshe saboda taɓawar da ta wuce ƙa'ida, bayan an gwada su da ainihin abin da kyamara ta ɗauka. A 2023 kuma Boris Eldagsen, ɗan Jamus, ya ƙi karɓar kyautar da ya ci a gasar hoto ta Sony, ya bayyana cewa na'ura ce ta ƙirƙiri siffar da ya shigar.

Wannan ba ya nufin haɗi da ƙirƙira haramun ne ga ɗalibi. Aikin gwajin da za a ce ya mayar da faifai wata a sararin sama, ko ya jera ludayi da muciya da maburgi su zama mutane a dandali, yana buɗe basira, kuma yana iya zama hanyar kwatanta tatsuniya ga yara. Adabin baka ya riga ya warware irin wannan matsala: tatsuniya tana da mabuɗi da marufi da ke sanar da mai sauraro cewa ba labari ake ba shi ba. Hoton haɗi ma yana buƙatar nasa mabuɗin, wato a rubuta a ƙarƙashinsa cewa haɗi ne, kuma kada ya shiga ratayen kundin bincike a sahu ɗaya da hoton shaida.

5.1 Jarka a Bakin Rijiya

A nan ne matsalar ta fi tsanani, domin mai yin ta yakan yi ne da kyakkyawar niyya. A ɗauka an ba ɗalibi jigon ruwa, ya tafi wata rijiya a ƙasar Dutsi. Abin da zai tarar shi ne jarkoki rawaya na roba, da gugan da aka yanka daga tsohuwar tayar mota ko wata robar, wataƙila da kura ko babur a gefe, da leda da iska ta maƙala a ƙaya. Tulu, in ma akwai shi, ɗaya ne cikin goma. Ɗalibin ya karanta a littafi cewa Hausawa da tulu suke ɗiban ruwa, kuma yana son hotonsa ya yi kama da gargajiya. Sai ya roƙi yarinya mai tulu ta tsaya ita kaɗai, ya matsar da jarkokin, wadda ta rage a gefe kuma ya shafe ta da manhaja.

Hoton zai yi kyau, amma ya ba da shaidar zur. Ya ce a wannan shekara mutanen wurin da tulu suke ɗiban ruwa, alhali jarka ta karɓe aikin. Manazarcin da zai zo daga baya yana neman lokacin da sana'ar ginin tukwane ta ja baya, da dalilin da ya sa randa ta daɗe a ɗaka bayan tulu ya bar hanyar rijiya, an ɓatar masa da sawu. Haka abin yake ga kwanon rufi da ya maye gurbin jinka, da injin niƙa da ya rage aikin turmi da dutsen niƙa, da buhun da ya shiga wurin rumbu, da farantin sola da ke kan soron ƙasa.

An taɓa yin irin wannan a Amurka. Edward Curtis ya shafe shekaru yana ɗaukar hotunan ƙabilun asali na can. A wani hoto da ya ɗauka a 1910 cikin tantin mutanen Piegan, akwai agogon tebur a tsakanin mutum biyu da ke zaune, amma a bugun da ya fitar an goge agogon. Curtis yana son mutanen su zauna cikin wani zamani da ya wuce, su kuwa sun ajiye agogonsu a inda baƙo zai gani. Abin da ya sa misalin ya dace a nan shi ne, a yau ɗan gida ne ke riƙe da kyamarar, kuma yana iya yi wa mutanensa abin da baƙo ya yi wa waɗancan. Kama da wane ba ta wane, in ji masu iya magana, kuma ƙauyen da aka share wa jarka da leda kama kawai yake yi da ƙauyen Hausa.

5.2 Launin Fata

Hausa tana da kalmomin da ke bambanta launin mutane, kamar baƙi da fari da ja da wankan tarwaɗa. Fasahar hoto kuwa ba ta taso da wannan bambancewa ba. Binciken Lorna Roth na 2009 ya nuna yadda kamfanin Kodak ya daɗe yana daidaita launin wankin hoto da katin da ke ɗauke da hoton Baturiya, abin da ya sa baƙar fata ke fitowa babu fasali. Kamfanin Transsion na ƙasar Sin, mai yin wayoyin Tecno da Itel da Infinix da suka cika kasuwannin arewa, ya gina wani ɓangare na kasuwarsa kan kyamarar da aka daidaita da baƙar fata, Google ma ya fito da nasa tsarin a 2021.

Sai dai wayoyi da yawa suna da tsarin ƙawata fuska, wanda a wasunsu a kunne yake zuwa, yana haskaka fata yana sulɓe ta ba tare da an umarce shi ba. Wannan bilicin ne da ba a shafa mai ba. Ga mai nazarin al'ada hasarar ta wuce launi, domin tsarin yana ɗaukar tsagar gado da ke fuskar dattijo a matsayin tabo, sai ya dusashe ta. Tsaga kuwa al'ada ce da ke ƙarewa tare da masu ɗauke da ita. Kashe wannan tsari shi ne abu na farko da ya kamata ɗalibi ya yi kafin ya fita aiki.

6.0 Izini da Bayanin Hoto

Yawancin kayan yau da kullum a cikin gida suke, wurin mata: murhu da turmi da jeren ɗaki da randa. Rubutun ba a shiga da ake gani a ƙofar gidaje ya shafi kyamara kamar yadda ya shafi ƙafa. Ɗaliba mace tana da damar da namiji ba shi da ita a nan, amma izinin shiga gida daban yake da izinin fitar da hoton abin da ke cikinsa. Matar da ta yarda a ɗauke ta tana daka domin aikin makaranta ba lallai ne ta yarda a gan ta a intanet ba. Wannan ya fi muhimmanci ga mai shiga gasa irin ta Wiki Loves Africa, domin lasisin Wikimedia Commons yana ba kowa damar amfani da hoto, har don kasuwanci, kuma ba a janye shi bayan an bayar. Wajibi ne a faɗa wa mai gida da matar gida wannan da Hausar da za su gane. Dokar kare bayanan mutane ta Nijeriya ta 2023 ma ta ba yardar mai bayani muhimmanci. Inda aka ga alamar nauyi ko kunya, dabarar Ojeikere ta wadatar: hannu da taɓarya da turmi sun isa su nuna daka ba tare da fuska ba. Yara da almajirai kuwa sai da yardar iyaye ko malaminsu, domin murmushin yaro ga kyamara ba izini ba ne.

Akwai kuma batun tsaro. Waya tana rubuta wasu bayanai a cikin kowane hoto, kamar rana da sa'a da irin wayar, kuma idan an kunna na'urar gano wuri har da daidai inda aka tsaya. A jihar da ta sha fama da satar shanu da garkuwa da mutane, hoton garke ko na rumbuna cike da hatsi wanda ke ɗauke da adireshin wurin ba abin sakewa ba ne. Ya kamata a cire bayanin wuri daga kwafin da za a yaɗa, a bar sunan gunduma kawai.

Ainihin hoton kuwa, wanda ba a taɓa ba, shi ne madogara, kuma shi ya kamata sashe ya karɓa tare da kundi. A haɗa shi da sunan abin kamar yadda mutanen wurin suka faɗe shi, ko da ya saɓa wa daidaitacciyar Hausa, domin ƙasar Dutsi tana tsakanin masu Katsinanci da masu Dauranci, ga kuma Fulfulde a gefe. A rubuta wanda ya yi abin, da abin da aka yi shi da shi, da kuɗinsa a kasuwa a ranar, da matakin taɓawar da aka yi wa kwafin da ke cikin kundi. Wajen miƙawa kuma a kiyayi tura shi ta WhatsApp a matsayin hoto, domin manhajar tana matse shi ta kuma zubar da bayanan da ke cikinsa. Sai dai a tura shi a matsayin fayil, ko a kwafe shi kai tsaye daga wayar zuwa kwamfutar sashe.